Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Iyayen Ƙasa da Limaman Karkarar Jigawa: A Koya wa Mutane Yadda Ake Yin Haƙurin

Zuwa ga iyayenmu hakimai, dagatai, bulamai da masu unguwanni, da malamanmu limamai, a masarautun Dutse, Haɗejia, Gumel, Kazaure da Ringim.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe. Allah gafarta malamai.

Mu ma'aikatan lafiya ne na matakin farko da malaman makaranta da ke aiki a ƙauyukanku. Mun rubuto ne a kan wani aiki da ke hannunku tun kafin a gina asibiti ko kotu a garuruwan nan, wato sauraron wanda ransa ya ɓaci. Matar da ta yi yaji, zaurenku ake kai maganarta. Manomin da ruwa ya cinye wa shinkafa ga bashin taki a wuyansa, liman yake tarewa bayan Magariba. 'Yan'uwan da suka daina gaisawa saboda iyakar gona, ku ake kira. Yawanci zaman yakan ƙare da nasiha guda, a je a yi haƙuri. Nasihar gaskiya ce, addini ya zo da ita, iyaye sun rayu a kanta. Sai dai mutum yakan ce "na gode", ya tashi ya koma gida da zuciyar da ya zo da ita, domin an gaya masa abin da zai yi amma ba a nuna masa ta inda zai kama ba. Kafin wata ya zagayo maganar ta dawo, wani lokaci har da takardar saki.

Natsuwa da kyautata zato da iya zama da mutane abubuwa ne da ake koya, kamar yadda ake koya wa yaro riƙon garma: a nuna masa, ya gwada, ya karkace, a gyara masa. Suna da matakai sanannu, kuma ba sai likita ne zai koyar da su ba. A shekarar 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa a Zimbabwe, Dixon Chibanda, ya fara horar da tsofaffin mata a unguwar Mbare ta birnin Harare. Suna zama a kan benci a harabar asibitin unguwa, su saurari mai damuwa, su taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya a zama shida. Sakamakon gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka kula da su ta hanyar da aka saba. A shekarar 2016 ɗin kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata tsarin na zama biyar, sau ɗaya a mako, kowanne minti 90, wanda aka shirya domin waɗanda ba likitoci ba. Da yawa daga abin da ke cikinsa ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun hadisi a zaure. Tsarawar ce da bibiyar muka rasa.

Abin da ke fara lalacewa shi ne wurin zaman. Idan mace ta durƙusa a zaure, ga surukinta, ga fadawa, ga masu leƙe daga ƙofa, amsarta ɗaya ce: "Ba komai." Shi ma magidanci ba zai faɗi a gaban jama'a cewa ya kasa ciyar da gidansa ba, gara ya ce matar ce ba ta da kunya. A fara jin kowa shi kaɗai, a inda ake hango su amma ba a jin maganarsu. Mace ta zo da babbar macen da ita ta zaɓa, gwaggo ko inna ko ungozoma. Minti 30 zuwa 45 sun isa zama ɗaya. A minti goma na farko kada a yi nasiha, kada a ce "ai ke ma", kada ma a jawo aya tukuna, domin wanda aka katse wa magana ba ya jin abin da ake gaya masa, yana can yana haɗa sauran zancensa a zuci. Idan ya gama, a mayar masa da abin da aka fahimta a taƙaice: "Idan na gane, ba ƙarancin cefanen ne ya fi ci miki rai ba, fitar da yake yi ba sallama ce. Haka ne?" Sau da yawa a nan ne ainihin maganar take fitowa. Sannan abin da aka faɗa a zaman ya mutu a wurin. Ranar da aka ji shi a majalisa ko a bakin famfo, ba mai sake zuwa da gaskiyar cikinsa.

Bayan sauraro sai a raba abin da ya faru da abin da zuciya ta raya, domin a cakuɗe mutane suke kawo su. Dattijo zai ce, "Yaron nan ya samu kuɗi a Legas ya raina ni." Idan aka bi shi a hankali, abin da ya faru shi ne ya yi ta kira ranar Talata ba a ɗauka ba. Rainin, fassara ce da zuciya ta ɗora a kai. Ita ce ta hana shi barci, ita ce ta sa da yaron ya kira ranar Alhamis ya ƙi ɗauka, ita ce ta sa ya yaɓa wa uwar yaron maganar da ta kwana tana kuka. Tambayoyi uku suke kwance wannan ƙulli. Me idonka ya gani ko kunnenka ya ji, ban da abin da aka kawo maka? Waɗanne dalilai dabam za su iya jawo haka, lalubo guda uku? Da amininka ne ya zo maka da wannan magana, me za ka ce masa? A tambaya ta biyu kada mai sauraro ya kawo dalilan da bakinsa. Idan ku kuka ce "wataƙila cajinsa ne ya ƙare", zai ɗauka kuna kare yaron ne, ya ƙara hawa. Idan shi ya lalubo, ko caji, ko yaron yana kan babur ɗin haya, ko kunya yake ji don babu abin aikowa a wannan watan, zuciyarsa za ta karɓa. Dalili na uku yakan daɗe bai fito ba. A jira shi, don sau da yawa ya fi sauran kusa da gaskiya.

A kasa kunne ga kalmomi irin su "kullum", "ko sau ɗaya", "kowa", "ba zan taɓa ba". Duk inda suka yi yawa, zuciya ta ɗauki abin rana ɗaya ta shafa wa rayuwa gaba ɗaya. Wanda ya ce "kullum haka take", a tambaye shi yaushe ne na ƙarshe da ta yi akasin haka. Zai yi shiru, sannan ya tuna. Malamai sun fi mu sanin aya ta 12 a Suratul Hujurat da ta hana yawan zato, da hadisin da ya kira zato mafi ƙaryar zance. Abin da muke roƙo a ƙara shi ne aikin gida: na mako guda, kowane dare bayan Isha'i, mutum ya ɗauki tunani ɗaya da ya dame shi a ranar ya yi masa waɗannan tambayoyi uku. Mai iya rubutu ya rubuta, da boko ko da ajami. Wanda bai iya ba ya faɗa wa wanda ya amince da shi.

A nan akwai iyakar da muke roƙo da babbar murya kada a ƙetare. Kyautata zato na inda babu tabbas ne. Matar da ake duka, ko aka hana abinci, ko aka hana zuwa awo, ba tunaninta ne ya karkace ba, zaluntarta ake yi. Marayan da aka cinye wa gona ba ya buƙatar a ce ya nemo wa kawunsa uzuri uku. A irin wannan, aikinku shi ne tsayar da zaluncin da ikon da Allah ya ba ku. Duk wanda aka koya wa natsuwa domin ya ci gaba da shan cuta shiru, an haɗa kai da mai cutar da shi.

Fushi kuwa a jiki yake farawa kafin ya iso baki. Zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya gajarta, haƙora su cije, kunnuwa su yi zafi. A wannan hali mutum ba ya iya auna magana, ko da malami ne. Annabi (SAW) ya yi umarni ga mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, idan yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kishingiɗa. Ga abin da za a haɗa da shi. A ɗora hannu a kan ciki, a shaƙi iska ta hanci ana ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali har cikin ya taso, a fitar a hankali ana ƙirga uku. Hakan yakan ba da numfashi kamar goma a minti ɗaya. A yi na minti biyar, sau biyu a rana, bayan Asuba da kafin kwanciya. Kuskure biyu ake yi. Na farko, zuƙar iska da ƙarfi da sauri da ƙirji, wanda ke kawo jiri, mutum ya ce abin bai karɓe shi ba. Na biyu, a bari sai ranar da rai ya ɓaci sannan a gwada karon farko. Ba zai yi aiki ba. Sai jiki ya saba da shi a lokacin lafiya kafin ya amsa a lokacin tashin hankali, kuma sabon yakan ɗauki makonni.

Idan magana ta yi zafi, a tashi daga wurin na minti 20 zuwa 30, amma da sallama da alƙawari: "Raina ya ɓaci, zan fita, bayan La'asar za mu ƙarasa." Kuma a dawo bayan La'asar ɗin. Fita ba magana, wanda aka bari wulaƙanci zai ɗauke ta, daga nan gaba take farawa. Wanda ya fita kada ya nufi majalisa ya zayyana wa abokai, don a can za a samu mai zuga shi. Ya taka zuwa bakin gona, ya ba dabbobi ruwa, ya yi wani aiki da hannunsa. Muna roƙon limamai su riƙa nanata ƙa'ida ɗaya a wa'azin ɗaurin aure: ba a furta saki, ba a rubuta takarda, ba a tura saƙon murya ta WhatsApp sai an kwana an tashi. A kuma lura da lokutan da faɗa ya fi tashi. Dawowa daga gona da yunwa, yammacin azumi, da tsakiyar damina wajen Yuli da Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon amfani bai iso ba. Gidan da ya ɗauki al'adar cewa ba a tayar da babbar magana sai an ci abinci ya rage wa kansa fitina mai yawa.

Ranku ya daɗe, mun san akwai wanda zai ce duk wannan maganar masu ƙoshi ce. Yana da hujja. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na man injin ban-ruwa suka tashi. Kyakkyawan tunani ba ya cika rumbu. Amfaninsa shi ne ya hana damuwa ta ɗaure wa mutum hannu a kan ɗan abin da yake da iko a kai. Shi ya sa sashen da ya fi muhimmanci a zaman shi ne warware matsala, kuma shi ne aka fi yi wa gaggawa.

Ga yadda yake tafiya. Mutum ya lissafo duk abin da ke damunsa. A raba su gida biyu: wanda hannunsa zai iya taɓawa da wanda ba zai iya ba. Ruwan da ya riga ya ci gona yana gida na biyu, kuma maganinsa hadisin nan ne da ya ce a yi kwaɗayin abin da zai amfane mu, a nemi taimakon Allah, kada a gaza, idan abu ya faru kuma kada a ce "da na yi kaza da kaza". Daga gida na farko a zaɓi matsala ɗaya tak, kuma ƙarama ko matsakaiciya, ba babbar ba. "Talauci" ba matsalar da za a zauna a kanta ba ce, ta yi faɗi. A matse ta har ta zama jimla guda mai iyaka: "Mai taki yana bina kuɗin buhu biyu, ya ce kafin ƙarshen Disamba, abin da ke hannuna bai kai rabi ba." Sai a ce ya kawo hanyoyi aƙalla biyar, ba tare da an tsaya tantance mai kyau da marar kyau ba tukuna. Ya je wurin mai takin tun kafin shi ya zo, ya ba da abin da ke hannu, ya nemi a jira shi da sauran zuwa girbin rani. Ya kai akuya ɗaya Maigatari ranar Alhamis. Ya shiga ƙwadagon dashen albasa ko ban-ruwan alkama a fadama. Ya roƙi uwar adashe a matso masa da kwasarsa. Ya nemi rance wurin ɗan'uwa. Bayan an tara su sannan a auna kowacce: me za ta kawo yau, me za ta ci baɗi? Sayar da akuya mai ciki zai biya bashin bana ya rage garken baɗi. A zaɓi ɗaya ko biyu, a yanka musu rana da lokaci da wanda zai raka shi, har da kalmomin da zai fara da su idan ya isa ƙofar mai takin. Bayan kwana bakwai ya dawo a ji yadda aka yi.

Inda wannan ke rushewa sananne ne. Mai sauraro, saboda girma da gogewa, yakan yanke wa mutum hanya tun a minti na biyar. Mutumin zai amsa don kunya, ba zai aikata ba, sannan ya riƙa kauce wa hanyar zauren. Ko a tashi da "zan je in sha Allahu" ba rana ba lokaci, sai tsoron fuskar mai bashi ya yi ta ɗage tafiyar. Ko a manta da zaman bibiya, alhali shi ne rabin aikin. Idan ya dawo bai yi ba, kada a yi masa faɗa. A tambayi abin da ya tare shi, a rage girman matakin. Wanda ya kasa tunkarar mai bashi shi kaɗai, mai unguwa ya raka shi.

Maganar matasa da rani gajeriya ce amma tana da nauyi. Wanda bai tafi ci-rani ba kuma ba shi da fadama yakan wuni a majalisa daga hantsi har La'asar, ga shayi ga waya, yana kallon sa'o'insa a TikTok cikin motocin da bai san ko nasu ba ne. Zaman yana kawo kasala, kasalar tana ƙara zaman, sai ya ce yana jiran zuciyarsa ta motsa kafin ya fara wani abu. A juye abin yake, motsin jiki ne ke jawo na zuciya. A sa shi ya zaɓi aiki ɗaya na minti 15 zuwa 20, a liƙa shi da wata sallah don kada a manta: bayan Asuba kai taki gona, ko gyaran danga, ko hardar rabin shafi, ko zama wurin mai gyaran injin ban-ruwa yana miƙa masa sifana. Mako biyu ana haka sannan a ƙara. Masu faɗuwa su ne waɗanda suka ɗauko buri mai yawa rana ɗaya, da waɗanda suka tsallake kwana guda suka ce shi ke nan an ɓata. A gaya musu tun farko cewa za a tsallake, kuma washegari ci gaba ake yi daga inda aka tsaya. Barci ma yana cikin lissafi. Baligi yana buƙatar aƙalla awa bakwai, kuma sinadarin da ke hana barci a cikin shayi da goro, kusan rabinsa yana nan a jiki bayan awa biyar. Mai shan shayi mai kauri ƙarfe goma na dare shi ne mai saurin hasala da safe. Tiramadol da ake sha don ƙarfin ƙwadago ya fi wannan muni, yana kama jiki, yana iya jawo farfaɗiya, kuma idan ya saki mutum yakan bar shi da ƙunci. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma wanda jikinsa ya riga ya saba da ƙwaya ba hani kaɗai zai raba shi da ita ba. A kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

A cikin gida, abin da ya fi gyara zama shi ne yadda ake faɗar laifi. "Ke ba ki da hankali" hukunci ne a kan mutum gaba ɗayansa, ba abin da za ta yi da shi sai kare kai. "Jiya da baƙi suka zo kika amsa min daga ɗaki, na ji kunya, ina so ki riƙa fitowa" magana ce a kan aiki guda, da rana, da abin da ake so, kuma ana iya gyara ta gobe. Haka ita ma za ta faɗi nata. Miji da mata su ware minti 20 sau ɗaya a mako, bayan yara sun kwanta, a yi magana ɗaya kawai a kowane zama. Ba tono abin bara, ba gori, ba ambaton iyayen kowa, domin da zarar an ce "gidanku" maganar ta bar hannun mutum biyu ta zama ta dangi. Inda akwai mata fiye da ɗaya, yawancin zargi daga abin da aka ɓoye yake tsirowa. A auna hatsi a fili da tiya ɗaya, a faɗi kuɗin cefane a gaban kowa, a tsare rabon kwana, kuma maigida kada ya ɗauki zancen wannan ɗaki ya kai wancan ko da wasa. Idan saɓani tsakanin uwar miji da matar ɗa ne, ɗan ne zai je wurin mahaifiyarsa shi kaɗai cikin ladabi. Turo matar ta kare kanta, ko yin shiru a bar su su biyu, duk suna ƙara wutar.

Godiya ma a riƙa kama mata suna. "Sannu da aiki" ta zama gaisuwa, ba ta isa ciki. "Na ga yadda kika lallaɓa ɗan hatsin nan ya kai mu ƙarshen wata, Allah ya saka" takan zauna a zuciya kwana da kwanaki. Hadisin da ya ce kada mumini ya ƙi mumina, idan ya ƙi wata ɗabi'a tata zai yarda da wata, ana iya mayar da shi aiki: wanda ya kawo ƙarar matarsa, kafin ya tashi ya faɗi halayenta uku na kirki, ita ma haka. Yara kuwa sunan da aka kira su da shi suke zama. Wanda ake ce wa daƙiƙi kullum yakan daina gwadawa. Wani bincike da masaniyar halayyar ɗan Adam Carol Dweck da abokiyar aikinta suka buga a Amurka a 1998 ya nuna yaran da aka yaba wa ƙoƙarinsu sun fi jure aiki mai wuya a kan waɗanda aka yaba wa basirarsu. A ce wa yaro, "Ka maimaita allon nan har ya zauna, madalla." Malaman allo da na Islamiyya suna da babban rabo a wannan.

Akwai kuma inda duk abin da muka faɗa ba zai wadatar ba, kuma gane wurin yana iya ceton rai. Idan mutum ya kai mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki kusan kowace rana, abin da yake so a da ya fita daga ransa, barci da cin abinci sun rikice, ya daina wanka ko fita gona, yana cewa shi nauyi ne a kan mutane, wannan ciwon damuwa ne. Ba raunin imani ba ne, ba lalaci ba ne, kuma yana da magani. Masu jego sun fi shiga haɗarin. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fuskantar irin wannan lalura bayan haihuwa. Mai jegon da ke yawan kuka, ba ta son ɗaukar jaririn, a kai ta asibiti, a kuma duba jininta, domin ƙarancin jini ma yana kawo kasala. Wadda ta daina barci gaba ɗaya a makonnin farko, tana sambatu ko jin muryoyi, a ranar za a kai ta, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su.

Wanda ya ce ya gaji da duniya, ko gara ya mutu ya huta, a tambaye shi kai tsaye, cikin taushin murya, ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. Idan ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa wa'azin wuta a wannan lokacin. A kwashe maganin feshi da fiya-fiya da shinkafar ɓera daga gidan, a kulle su a wani gida dabam. A karkara wannan mataki yana da girma ƙwarai, domin guba tana nan a kusan kowane ɗakin ajiya, kuma irin wannan yunƙuri yakan zo ne cikin ɗan lokaci na tsananin ƙunci wanda yake wucewa. Daga nan sai asibiti mafi kusa, su tura shi gaba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ɗaurin mari da duka ba magani ba ne. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma ta tanadi kare mutunci da haƙƙin masu wannan lalura.

Abin da muke nema a wurinku ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Kowane dagaci ya zaɓi maza biyu da mata biyu a garinsa, waɗanda aka shaida da riƙe sirri. Kada a zaɓa don kusanci da fada ko yawan magana, mai iya yin shiru ake nema. A haɗa su da jami'in lafiyar asibitin mazaɓa ya bi da su waɗannan matakai, su gwada a kan junansu kafin su zauna da kowa, kuma su riƙa haɗuwa da shi sau ɗaya a wata su kawo abin da ya fi ƙarfinsu ba tare da ambaton suna ba. A ware musu wuri da rana a mako, ban da ranar kasuwa. Limamai su ba da huɗuba ɗaya a wata ga ɗaya daga cikin waɗannan batutuwa, a kammala ta da aiki guda da mutum zai gwada kafin Juma'a mai zuwa. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan kaka, wajen Nuwamba, sa'ad da aikin gona ya lafa kuma masu ci-rani ba su gama tafiya ba. Bayan wata uku hakimi ya tara dagatansa a duba abu biyu: ƙararraki nawa ne suka sake dawowa bayan an zauna, kuma mutum nawa aka tura asibiti suka isa.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa malamai lafiya.

Wassalamu alaikum.

Daga 'ya'yanku, wasu ma'aikatan lafiya da malaman makaranta a karkarar Jigawa.